Kazar Mai Takaba

Unguwar Kanawa, Kaduna
Lahadi, 26 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Iya Harira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya ƙafa, ya damina, ya mutanen Malumfashi? Ni lafiyar jiki alhamdu lillahi, sai ciwon kai da yake zuwa yana tafiya.

Kar ki yi mamakin ganin takarda. Tun da aka yanke layin waya a wajenku nake kiran lambarki, har na haddace maganar matar nan da ke cewa ba a samunki. Jiya Audi direba ya tsaya ya yi mini gaisuwa ta bayan ƙyaure, ya ce har yanzu yana lodin Malumfashi daga tashar Kawo, shi ne na ce to ga hanya ta samu. Rabona da rubuta wasiƙa tun ina 'yar makaranta, sai ki yi haƙuri da hannun.

Ranar Laraba aka yi addu'ar arba'in ta Baban Nafisat. Washegari gida ya watse. Nafisat ta koma Minna, cikinta ya tsufa, ni ce ma na matsa mata ta tafi. A'isha ƙanwarsa da ta taya ni zama ta koma Rigasa wajen 'ya'yanta, ta ce za ta riƙa leƙowa. Ban ga laifin kowa ba. Amma Iya, gida mai ɗaki huɗu ya yi wa mutum ɗaya yawa. Saura kusan wata uku in fita takaba, ba na leƙa ko ƙofar gida. Kuma shekara ashirin da huɗu a unguwar nan ban koyi shiga gidajen mutane ba, shi ne abokin hirata, na ɗauka ya ishe ni.

Abin da ya sa na rubuto zai ba ki dariya. Kaza ce.

Kin san marigayi da kiwon kaji a bayan gida. In ya dawo daga ofis ko hula ba ya cirewa sai ya zagaya akurki ya ƙirga su, ina masa tsiya ina cewa sun fi ni gata. Goma sha ɗaya ya bari. Cikinsu akwai wata tsohuwa wake-wake da ya saya a kasuwar Kawo wata ranar Talata, yake ce mata Talatu. Kullum bayan asuba sai ta zo ƙofar ɗaki tana ƙwanƙwasa ƙyauren da baki har ya fito mata da tsaki. Ba ta san ya tafi ba, ba ta fasa zuwa ba. Da farko korarta nake yi, don jin bugun yana tayar mini da hankali. Yanzu ni nake buɗewa. Gaskiyar magana, ita kaɗai ce take buga mini ƙofa kullum, kuma saboda ita nake tashi daga kan sallaya.

Ranar Juma'a ba ta zo ba. Na same ta a bayan tankin ruwa ta takure, an yage mata baya daga gindin fiffike, wuri ya kai tafin hannuna, fatar ta ɗaye ana ganin nama. Ina zargin wani muzuru da ke bin katanga. Na zuba mata ruwan zafi na ɗaure da tsumma, amma sauran kajin sai binta suke yi suna sara wurin. Yau da na kwance na ji wari, na kuma ga wasu fararen abubuwa suna motsi a ciki. Maƙwabciyata Mansura, wadda ake kira Maman Nazifi, ta leƙo ta kan katanga ta ce in zuba baƙin man inji, ko kuwa in sa a yanka tun ba ta yi mushe ba. Duk biyun ba wanda ya kwanta mini.

Iya, ke da kakata Larai 'ya'yan wa da ƙani ne, amma ke na fi sani, ke nake bi asibiti lokacin hutu ina kallo kina wanke wa mutane ciwo. Ki gaya mini yadda zan yi. Ba na son in rasa ta. Na san yadda maganar take a kunne, amma haka ne.

Ki gaida duk wanda ya tambaye ni.

Jikarki,
Sa'adiya


Malumfashi
Talata, 28 ga Satumba, 2021

Sa'adiya ƙawata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, in ban da gwiwar nan da ta rantse sai ta ga bayana. Damina ta yi kyau, dawa ta fid da kai, sai dai ba kowa ke iya zuwa gonarsa ba, kin san halin da ake ciki. Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan angona, Ya sa ya huta. Ban samu zuwa arba'in ba, ƙafa da hanya suka haɗe mani kai, kuma abin yana cina.

Rubutunki har yanzu tonon kaza ne, sai da na fita tsakar gida da tabarau kafin na gane. To ki buɗe kunne.

Da farko ki jefar da tsumman nan, shi ke dafa ciwon. Baƙin mai kuma ki ce ma maƙwabciyarki an gode, ta aje ma babur ɗin mijinta. Ki tafasa ruwa, ki bari ya huce, ki sa gishiri ɗan kaɗan kamar na miyar mai hawan jini. Ki naɗe kazar a tsohon zane, ki rufe mata kai, za ta natsu. Ki sa almakashi ki rage gashin da ke kewaye da ciwon. Abubuwan da kika gani suna motsi tsutsar ƙuda ce. Ki tsince su ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, ki leƙa har ƙarƙashin fatar da ta ɗaye, can suke ɓuya. Kar ki ji ƙyama, ban taɓa ganin wanda ƙyama ta warkar ba. Ki wanke safe da yamma.

Ki sa a sawo maki shuɗin maganin nan a kemis, wanda nake shafa maku a ƙurji kuna yara kuna kuka. Yana busar da ciwo, kuma yana ɓoye ja, don kaza in ta ga ja ko a jikin uwarta ne sai ta sara. In akwai zuma mai kyau ki ɗiga kaɗan. Ki rufa mata tsohon gidan sauro saboda ƙuda. Ki ba ta gero da dafaffen ƙwai, ruwa kuma kar ya yanke. Sannan ki raba ta da sauran, ki sa ta inda bakinsu ba zai kai gare ta ba.

Ga kuma wadda ba ki tambaya ba. Na shekara talatin ina wanke ciwo, na ga wanda ya warke, na ga wanda bai warke ba, kuma ba ni nake zaɓa ba. Kaza dai kaza ce, Sa'adiya. In kika ga ta ƙi ci kwana biyu, ta fara lumshe ido, kar ki bari ta yi mushe a hannunki. Ki nemi namiji ya sa mata wuƙa, ki sha romo, jikinki ma yana so.

Ina da sauran magana, amma ga Audi can a ƙofa yana ta danna mani hon kamar ni na riƙe mashi fasinja. Da can ana cewa zumunta a ƙafa take, yanzu ta koma cikin motar Audi.

Kakarki,
Harira


Unguwar Kanawa
Juma'a, 8 ga Oktoba, 2021

Iya Harira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, Allah Ya ƙara wa gwiwa sauƙi. Ni ma lafiya. Nafisat ta kira jiya, tana gaishe ki.

Na yi duk yadda kika ce. Tsutsa goma sha bakwai na cire ranar farko, sai da na fita na yi amai sau biyu na dawo na ci gaba. A'isha ta leƙo ranar Asabar ta kawo shuɗin maganin, ba ta daɗe ba. Warin ya tafi a kwana na uku. Yanzu bakin ciwon ya fara haɗewa, ya yi ɓawo, yatsuna kuma duk sun rine, ko na wanke da sabulu ba ya fita.

Na raba ta da sauran kamar yadda kika ce. Na share sito, inda marigayi yake tara tsofaffin fayil da buhunan dusa, na shimfiɗa mata kwali, na toshe tagar da gidan sauro, na ja ƙofa. Babu kazar da ta ƙara sa ta a ido, balle baki. Da safe in na watsa wa sauran abincinsu sai in ɗauki kujera in shiga wajenta. Tana cin gero a tafin hannuna. Wani lokaci ina can har azahar, ina ja carbi tana gyangyaɗi. Maman Nazifi ta yi sallama sau biyu cikin makon nan, ina jinta daga sito na yi shiru har ta gaji ta tafi. Ba ni da abin da zan ce mata, kuma na san me za ta tambaya, ko an yanka.

Iya, na karanta layin nan na romo sau uku. Ban zaci haka daga gare ki ba. Da ya rasu kowa ya ce mini in yi haƙuri, kwanansa ne ya ƙare, na yi. Aka kwashe kayansa aka raba sadaka, na yi shiru. Yanzu kuma kaza dai kaza ce. To mene ne a gidan nan da aka yarda in riƙe? Na san kaza ce, ban haukace ba. Na gaya miki abin da ban gaya wa 'yata ba, don na ɗauka ke ba za ki yi mini dariya ba.

Na gode da maganin. Ba sai kin wahalar da idonki da amsa ba, tunda ciwon yana warkewa.

Sa'adiya


Malumfashi
Litinin, 11 ga Oktoba, 2021

Sa'adiya ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, gwiwa tana nan da halinta. Na ji daɗin labarin Nafisat, Allah Ya raba lafiya.

Na ga fushinki, har ya ƙona mani yatsa. Ba komai, mai fushi da sauran ransa. Za mu dawo kansa. Yanzu ki aje takardar nan ki tashi ki fito da kazar daga sito, sannan ki dawo ki ƙarasa karatu.

Laifina ne, Audi ya ruɗe ni ban ƙarasa maki bayani ba. Cewa na yi inda bakinsu ba zai kai ba, ban ce inda idonsu ba zai kai ba. Kaza ba ta da dogon tunani. Wadda ba ta gani ba kwana goma ta zama baƙuwa a wurinta, ko ƙwai ɗaya suka fasa. In kika bar Talatu a ɓoye har ta warke, ranar da kika sake ta cikinsu za su taru mata kamar ba su taɓa saninta ba, kuma tsohuwa ce, ga sabuwar fata. Ba za ta iya da su ba.

Ki samu babban kwando mai manyan idanu ki kife ta a ciki a tsakiyar bayan gida, inda suke kiwo, ki ɗora dutse a kai. Ki riƙa watsa masu abinci kewaye da kwandon, su ci tana ci, suna ganinta tana ganinsu. Za su yi ta zagaye suna harararta, ki ƙyale su. Da yamma ki mai da ta ɗaki saboda muzuru. Tunda ta riga ta kwana biyu a ɓoye, sai ta yi mako biyu a kwandon ko fiye. Ranar da za ki haɗa su kuma kar ki yi da rana tsaka. Ki bari sai bayan magariba sun hau sun yi shiru, ki ɗora ta a gefensu, su wayi gari tare. Da safen ki tsaya a kansu da tsintsiya.

Ba habaici nake maki ba da zancen sito, amma in kin tsargu ban hana ba. In matar nan ta sake sallama ki amsa. Mai baƙin mai ma mutum ce.

To, romo. Ban yi maki dariya ba, Sa'adiya. Tsoro na ji. Na ga kin ɗora ranki kacokan a kan abin da muzuru ɗaya zai iya ɗaukewa, sai na so in rage maki nauyin tun da wuri, na kuwa yi shi da hannun ma'aikaciyar asibiti, wanda bai iya lallashi ba. Ki yafe mani.

Kuma wa ya gaya maki ban san abin da kike faɗi ba? 'Ya'yana uku suna Kano da Abuja. Da kowane dare sai ɗaya ya kira, in ce lafiya lau, ya ce to sai da safe, ina ganin ina cikin mutane. Da aka yanke layin nan na gane minti biyun nan su ne duka abin da nake da shi. Yanzu ranar da Audi zai shigo gari tun hantsi nake fitar da tabarma zaure, ina yi kamar iska nake sha. Saboda haka kar ki ƙara ce mani ba sai na amsa ba. Ki rubuto ko zagi ne, zan sa tabarau in karanta.

Kakarki mai kaifin baki,
Harira


Unguwar Kanawa
Litinin, 1 ga Nuwamba, 2021

Iya Harira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya gwiwa? Ni lafiya lau. Ruwa ya ɗauke a nan, an fara sanyin safe.

Yau kwana ashirin da huɗu da na rubuto miki, ban ji daga gare ki ba. Audi ma shiru, wayarsa ba ta shiga. Kullum in na ji mota ta tsaya a layinmu sai in je in duba ƙarƙashin ƙyaure. Na san ni na ce ba sai kin amsa ba, amma ban taɓa sanin kina jin magana haka ba. Iya, ki yi haƙuri. Bakina ne ya fi ni, raina a ɓace yake lokacin. In fushi kike yi ki rubuto ki yi shi a takarda, ya fi mini wannan shirun. In kuma ba ki da lafiya ne, ki sa wani ya rubuta mini layi ɗaya. A'isha za ta kai wannan tashar Kawo ta ba duk direban da ta samu, Allah Ya sa ta isa.

Ga labari mai daɗi, ko zai sa ki huce. Talatu ta warke. Ɓawon ya faɗi da kansa, fatar ta haɗe, ƙananan gashi sun fara tsirowa kamar tsinken tsintsiya. Ta yi ƙiba a siton nan har ta fi da. In ta ji zakara ya yi cara sai ta miƙa wuya tana kallon ƙofa, shekaranjiya kuma na same ta tana ta zagaye a bakin ƙyauren. Na ga alama ta gaji da ni, 'yan uwanta take so. Abin ya ɗan sosa mini rai, kin ji sakarci, ina kishi da kaji.

Na yanke shawara ranar Juma'a zan mai da ta cikinsu, albarkacin ranar. Zan bari sai rana ta ɗaga sosai, ta sha ɗumi, sannan in buɗe mata. Ina so in ga yadda za su yi murnar ganinta.

Ki yafe mini, ki rubuto.

Jikarki,
Sa'adiya


Unguwar Kanawa
Lahadi, 7 ga Nuwamba, 2021

Iya Harira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ni lafiyata ƙalau, kar ki tayar da hankalinki da abin da za ki karanta.

Wasiƙarki ta sha ɗaya ga watan jiya ta iso jiya Asabar. Injin motar Audi ne ya buga a Funtuwa, ta yi mako uku da kwanaki a gareji, takardar tana cikin aljihun gaban mota ya manta da ita. Ya yi ta ba da haƙuri ta bayan ƙyaure. Na ce masa ba komai. Me zan ce masa? Na karanta ta a tsaye a zaure, da na zo inda kika ce in ajiye in je in fito da kazar sai da na zauna a ƙasa. Kwana ɗaya tak, Iya.

Ranar Juma'a wajen sha biyu na buɗe mata sito. Ta fito tana taku ɗaiɗai, ta karkaɗe jiki, ta nufi inda suke. Suka tsaya cak suna kallonta. Na ɗauka mamaki ne. Na tsaya na ɗan lokaci ban ga komai ba, sai na shiga wanka. Ina cikin banɗaki na ji kukan, irin wanda ban taɓa ji daga bakin kaza ba. Kafin in ɗaura zane in fito sun kai ta lungun tanki, su shida ko bakwai a kanta, har da waɗanda ita ta ƙyanƙyashe. Na bi su da bokiti. Sun ɓare tsohon wurin gaba ɗaya, sun fasa mata kai, ido ɗaya babu.

Na ɗauke ta na kai ɗaki. Na dafa ruwa, na sa gishiri, na naɗe ta a zane, komai yadda kika koya mini, hannuna har ya iya da kansa. Amma ina wankewa ina jin wuyanta yana saki a kan yatsuna. Na ɗiga mata ruwa a baki ya dawo. Ta fara lumshe idon da ya rage. Ba sai an kira ma'aikaciyar asibiti ba, na gane.

Na kira Ɗanladi ƙanen marigayi, layin Rigasa ba ya shiga. Na taka turmi na leƙa katanga, karo na farko tun da na zo gidan nan, na ƙwala wa Maman Nazifi kira na tambaye ta ko maigidanta yana nan. Ta ce ya tafi masallaci tun ɗazu, lafiya? Na ce lafiya. Sai a lokacin na ji liman a lasifika ya hau huɗuba. Duk layinmu babu namiji ko ɗaya, kuma ba za su dawo ba sai an idar an gaisa. Talatu ba za ta kai ba.

Na zauna da ita a cinya ina tunani. In na bar ta, nan da ɗan lokaci ta zama mushe, in ɗauke ta da leda in jefa a bola, karnuka su ja. Kazar da ya saya da hannunsa, wadda na yi mako shida ina jinya. Na tuna a Islamiyya malama ta taɓa gaya mana yankan mace halal ne, al'ada ce kawai ta hana, muka yi ta dariya muna cewa wa zai ci. Ban taɓa ganin macen da ta yi ba, ko a gidanmu ko a nan.

Na ɗauko wuƙar kicin na wasa ta a bakin dakali. Na ba ta ruwa kamar yadda na ga yana yi, ko da ba ta sha ba. Na fuskantar da ita alƙibla, na taka fikafikan da ƙafa ɗaya, ƙafafun da ɗaya. Na yi bisimilla na yi kabbara. Na sa wuƙa na yanka. Ta yi motsi sosai, jini ya zuba, saboda haka da ranta na same ta. Daga nan na zauna a wurin na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi, don ranar gida cike yake da masu cewa in yi shiru.

Ban zarge ki ba, ban zargi Audi ba. Ni na ja ƙofar siton, kuma ko da kin faɗa mini tun farko ban sani ba ko zan ji, don daɗin zaman nake ji, ni da ita ba kowa. Zancen romo kuma ya wuce, ni ce mai neman gafara. Na karanta abin da kika ce game da tabarma a zaure. Ban sani ba, Iya. Ban taɓa tambayarki ba.

Da la'asar na fige ta na dafa, da citta da kanumfari da barkono kaɗan. Da na sauke na kasa ci. Na zuba rabi a kwano na sake taka turmin na miƙa wa Maman Nazifi. Ta karɓa, ta buɗe, ta dube ni, ta ce ai ba ta ji shigowar kowa gidan ba, wa ya yanka?

Na ce, "Ni."

Ta mayar da murfin kwanon. Sannan ta ce, "Gaskiya Baban Nazifi ba zai ci ba." Ta miƙo mini kwanon, ta sauka daga nata gefen.

Na dawo na zauna a tsakar gida da kwano biyu a gabana. Ban ji haushinta ba, gaskiya ta faɗa. Kawai dai na ji gidan ya ƙara girma. Ina nan zaune sai na ji sallama a ƙofa, na amsa. Ita ce, da mayafi a karkace da malmalar tuwon shinkafa biyu a faranti. Ta wuce ni ta je ta wanke hannu a famfo kamar ta saba shigowa, ta jawo tabarma ta zauna, ta jawo kwanon da ta mayar mini.

Ta ce, "Shi na ce ba zai ci ba. Ni kin ji na ce?"

Ba mu yi wata hira ba. Ta ce gishiri ya yi daidai. Ta ga yatsuna ta tambayi abin da ya rina su, na gaya mata, tun daga muzurun har sito, ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce in yi haƙuri ba. Naman ya yi tauri, Iya, kin san tsohuwar kaza. Mun daɗe muna tauna, har aka kira magariba ba mu gama ba.

Audi zai biyo gobe da sassafe, ya rantse wannan a aljihun rigarsa zai sa ta. Ki gaida gwiwa.

Jikarki,
Sa'adiya